Samuel Ajayi Crowther, Amintaccen Bara

A darussan da suka wuce mun karanta labarin Joshuwa, wanda ya yi shekara 40 yana yi wa Musa barantaka tun ba a danƙa masa jama'a ba. Mun kuma ga Dawuda cikin kogo, sa'ad da Saul ya faɗa hannunsa, ya ƙi miƙa hannu ya taɓa shi. Waɗansu 'yan'uwa sukan ce ai waɗannan mutanen dā ne, zamaninsu dabam, ƙasarsu dabam. Sabo da haka muka ga ya kyautu mu kawo labarin mutumin ƙasarmu, wanda ya sha ruwan Kwara da na Binuwai, ya kwana a Lakwaja, ya yi gaisuwa a fadar Bida. Kowa ya san shi ne baƙin mutum na fari da aka naɗa bishop cikin ikilisiyar Ingila. Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne, tun ran da aka yi masa baftisma har ran da ya mutu, shekara 66 ke nan, bai taɓa yin aiki ba sai a ƙarƙashin wani. Cikin shugabanninsa akwai waɗanda suka ƙaunace shi kamar ɗa, akwai waɗanda suka raina shi, akwai kuma waɗanda sa'o'in jikokinsa ne.

An haife shi wajen shekara ta 1809 a Osogun, wani gari na ƙasar Oyo, iyayensa suka sa masa suna Ajayi. A zamanin nan mulkin Oyo yana rushewa, yaƙi ya cika ƙasar Yarbawa, mai ƙarfi yana kama na kusa da shi ya sayar. Wata safiya cikin 1821 mahara suka kewaye garin, suka sa masa wuta. Ubansa ya fita wajen faɗa, ba su sake ganinsa ba. Aka ɗaura wa yaron igiya a wuya tare da uwarsa da ƙannensa mata, ba a jima ba aka raba su. Aka musanya shi da doki, wanda ya karɓi dokin bai ji daɗinsa ba, aka warware cinikin. Daga nan ya yi ta wucewa daga hannu zuwa hannu, kasuwa bayan kasuwa, har baƙin ciki ya sa ya nemi kashe kansa. A ƙarshe aka kai shi Ikko, aka sayar wa Turawan Fotugal.

Cikin watan Afril 1822 aka zuba su cikin jirgi, su kusan 190, za a haye da su teku. Jirgin bai yi nisa ba sai jiragen yaƙi na Ingila, masu farautar fataken bayi, suka tare shi. Shi da kansa ya ba da labari daga baya cewa ba su yi murna ba ko kaɗan, gama an riga an gaya musu Ingilishi masu cin mutane ne. Da suka ga naman alade a rataye, da tarin harsashin igwa a gefe guda, sai suka zaci naman 'yan'uwansu ne da kawunansu. Aka sauke su a Freetown ta ƙasar Saliyo, aka kai Ajayi wani ƙauye mai suna Bathurst, inda ƙungiyar mishan ta C.M.S. ta ke da makaranta. Cikin wata 6 ya iya karanta Sabon Alkawari, ya kuma koyi sassaƙa. Ran 11 ga Disamba 1825 aka yi masa baftisma, ya ɗauki sunan wani limamin ikilisiya na Landan, Samuel Crowther. Da aka buɗe makarantar Fourah Bay a 1827, sunansa ne na fari cikin littafin almajirai. Ya auri Asano, yarinyar da aka kuɓutar tare da shi daga jirgi ɗaya, wadda aka yi wa baftisma da suna Susan, suka yi zaman aure shekara 50.

Shekarun da suka biyo ba su da wani abin mamaki. Malamin makaranta ne a ƙauyukan Saliyo, yana koya wa yara baƙi da lissafi, ran Lahadi yana taimakon limamin da aka ɗora a kansa, da dare yana ƙara wa kansa karatu. Ya yi fiye da shekara 10 a haka. Masu ba da labarinsa sukan tsallake wannan wuri da sauri, amma mu muna gani nan ne aka gina mutumin.

A shekara ta 1841 Gwamnatin Ingila ta aiko jirage uku masu tafiya da wuta su hau Kwara, su ƙulla alkawari da sarakuna a bar cinikin bayi, a kama cinikin auduga da manja. C.M.S. ta sa mutum biyu cikin tafiyar. Babba shi ne wani Bajamushe, Rabaran J. F. Schön, Crowther kuwa mataimaki, aka kuma ce su biyu su koyi Hausa sabo da hanya. Tafiyar ba ta yi kyau ba. Sun ga sarkin Aboh da Ata na Igala a Idah, sun kafa gona a mahaɗar Kwara da Binuwai, amma zazzaɓi ya fāɗa wa Turawan, fiye da 40 suka mutu. Jirgi ɗaya kaɗai ya kai Egga ta ƙasar Nufe, shi ma ya juyo cike da marasa lafiya. Crowther ya yi tafinta, ya yi jiyya, kowace rana kuwa yana rubuta abin da ya gani. Da suka komo, Schön ya rubuta wa shugabanni a Landan cewa bishara ba za ta shiga ƙasashen nan ba sai ta bakin 'ya'yan Afirka, ya kuma roƙa a kira abokin tafiyarsa a keɓe shi. Mu lura, ba Crowther ne ya rubuta yana neman girma ba, wanda ya ke bisansa ne ya ga aikin ya yi shaida. Aka kira shi Ingila, ya yi karatu a Islington, Bishop na Landan ya ɗora masa hannu cikin 1843. Schön kuwa, tun daga tafiyar nan har tsufansa bai rabu da Hausa ba: ya buga nahawunta a 1862, da ƙamus a 1876, ya kuma juya littattafai da dama na Sabon Alkawari.

A farkon 1845 ƙungiya ta sauka Badagry da niyyar shiga Abeokuta, birnin Egbawa, inda 'yantattun bayi da yawa daga Saliyo suka riga suka koma. Mutuwar shugaban birnin, Sodeke, da yaƙe-yaƙen hanya suka tsare su shekara ɗaya da rabi, sai cikin Agusta 1846 Crowther da Henry Townsend suka shiga. Ba a yi wata guda ba aka kawo masa wata tsohuwa, ashe uwarsa ce, bayan rabuwar shekara 25. Tana cikin waɗanda aka fara yi wa baftisma a Abeokuta a 1848, aka sa mata suna Hannatu, watau sunan uwar Sama'ila na cikin Littafi.

Nan ya kamata mu dakata a kan zamansa da Townsend. Townsend ya fi shi ƙuruciya, an kuma keɓe shi bayan Crowther da shekara guda. Harshen da Crowther ya sha a nono, Townsend koyonsa ya ke yi. Duk da haka Townsend ne a ke ji, shi ne ke magana da sarakuna da sunan mishan. Kada mu rage masa, gama mutum ne mai himma ƙwarai, ya ba da kusan dukan ransa ga Egbawa, shi ne kuma ya kafa jarida ta fari a ƙasar nan a 1859. Amma yana da ra'ayi guda wanda bai ɓoye ba, cewa bai kamata a ɗora baƙin mutum bisa Bature cikin aikin ikilisiya ba. Hujjarsa ita ce wai mutanen ƙasa sun fi ganin girman farar fata, sarakuna kuma ba za su girmama wanda aka taɓa sayarwa a kasuwa ba. Tun 1851, da ya ji ƙishin-ƙishin a Landan ana tunanin naɗa Crowther bishop, ya rubuta ya ƙi, waɗansu abokan aikinsa suka sa hannu.

Me Crowther ya yi? Ya zauna a unguwar Igbein da aka ba shi, ya yi wa'azi, ya kafa makaranta, ya sunkuya a kan aikin da ba mai iya yi sai shi, watau juya Maganar Allah da Yarbanci. Yakan zauna wurin tsofaffi, da bokayen Ifa, da malaman Musulmi, yana sauraron yadda su ke sarrafa magana, yana tsintar kalmomi da karin magana yana rubutawa, domin kada Littafin ya fito da Yarbancin baƙi. Ya yi ƙoƙari ƙwarai a sa alamun hawan murya da saukarta bisa baƙaƙe, gama in babu su kalma ɗaya takan zama uku. Wasiƙa zuwa ga Romawa ta fito a 1850, waɗansu littattafai suka biyo. Ga shi yana zaune gari ɗaya da mutumin da ke tare masa hanya, suna cin Jibin Ubangiji a teburi ɗaya, ikilisiyar Abeokuta kuwa ba ta rabu biyu a kansu ba. Mu da muka ga ikilisiyoyi sun tsage sabo da zaɓen dattijo ko ma'aji, mun san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Shugaban da ya fi kowa tasiri a kansa shi ne Henry Venn, babban sakataren C.M.S. daga 1841 zuwa 1872. Venn ya gaskata aikin mishan kamar katakon da magina ke takawa ne, in gini ya tsaya sai a kwance shi. Burinsa ikilisiyar kowace ƙasa ta ci da kanta, ta mulki kanta, ta yaɗa bishara da kanta. Shi ne ya kira Crowther Landan a 1851, ya sa aka kai shi gaban Sarauniya Biktoriya, inda ya karanta Addu'ar Ubangiji da Yarbanci. Shi ne kuma ya aike shi tare da Likita Baikie a 1854, tafiyar da aka hau Binuwai da nisa, kowa yana shan kwinin kullum, aka komo ba wanda ya mutu. A 1857 suka sake hawa, aka ajiye Rabaran J. C. Taylor, wanda iyayensa Ibo ne, a Anaca, aka sami wuri a Gbebe kusa da mahaɗar koguna. Jirginsu ya bugi dutse ya fashe kusa da Jebba, suka yi watanni a bakin kogi, Crowther kuwa ya mai da zaman jiran nan makarantar koyon Nufanci. A Gbebe ne aka yi baftisma ta fari a 1862. A cikin wannan shekara gidansa na Ikko ya ƙone, takardun fassara da kalmomin da ya yi shekara 11 yana tarawa suka zama toka. Ya ɗauki alƙalami ya soma daga fari.

Da Venn ya ga lokaci ya yi, ya kira shi ya gaya masa za a naɗa shi bishop. Crowther ya ƙi. Ya kawo hujja cewa bai isa ba, akwai Turawan da suka daɗe suna wahala cikin aikin, ya kuma san sarai waɗansu ba za su yi masa biyayya ba. Venn ya matsa, tsohon abokinsa Schön ya sa baki, sa'an nan ya yarda. Sai mu ce ko rawanin ma da biyayya ya karɓe shi. Ran 29 ga Yuni 1864 aka keɓe shi a babban majami'ar Kantabari, Jami'ar Oxford kuma ta ba shi digirin girmamawa. Cikin taron akwai tsohon hafsan jirgin da ya kuɓutar da shi shekara 42 da suka wuce.

Amma dubi irin sarautar da aka ba shi. An rubuta shi bishop na ƙasashen Afirka ta Yamma waɗanda ke bayan iyakar mulkin Sarauniya. Ikko, inda gidansa ya ke, ba ta cikinsu. Turawan mishan na Abeokuta da Ibadan, a ƙasar haihuwarsa, aka bar su ƙarƙashin Bishop na Saliyo, domin kada a ɓata wa su Townsend rai. Abin da ya rage masa shi ne Kwara, daga bakin teku har ƙasar Nufe, tafiyar ɗaruruwan mil, ba shi da jirgin kansa, sai ya jira na 'yan ciniki sa'ad da ruwa ya cika, sau ɗaya a shekara. Kuɗi suna hannun kwamiti a Landan. Ma'aikatansa mutanen Saliyo ne, da yawa masu ƙaramin ilimi da ƙaramin albashi, kowa a tasharsa shi kaɗai, wata da watanni ba mai leƙa shi. A haka aka buɗe Bonny da Brass da Lakwaja da waɗansu wurare. A Bonny bayi suka tuba da yawa, aka tsananta musu, a 1875 aka jefa wani mai suna Joshua Hart cikin ruwa sabo da ya ƙi cin abin da aka yanka wa gumaka. A 1867 wani basarake mai suna Abokko, kusa da Idah, ya kama bishop da ɗansa Dandeson yana neman fansar fam 1,000. Mataimakin jakadan Ingila na Lakwaja, William Fell, ya zo ya fisshe su, kibiya mai dafi ta same shi ya mutu cikin kwalekwale.

Wajen sarakunan Musulmi ma halin nan nasa na sanin girman na gaba ya yi amfani. Yakan tafi Bida wurin Etsu Masaba da gaisuwa yadda al'ada ta ke, ba ya zagin addinin kowa, in an yi masa tambaya sai ya buɗe Littafi ya karanta amsa daga ciki. Har amana ta kai, cikin shekarun 1880, Etsu Maliki ya aika masa da takarda yana roƙonsa ya kai kuka wurin Sarauniya a hana kawo barasa ƙasar Nufe.

Venn ya mutu a 1873, da mutuwarsa kuwa iska ta juya. Sababbin shugabanni a Landan ba su da irin amincewar da ya ke da ita ga 'yan Afirka. Kwinin ya sa Turawa sun iya zama a bakin Kwara, kamfanin Sir George Goldie yana ture 'yan cinikin Saliyo da na Ikko daga kogin, ƙasashen Turai suna shirin raba Afirka. A 1878 aka aiko wa mishan jirgi, aka sa masa sunan Venn, amma aka danƙa shi da sha'anin kuɗi ga wani Bature wanda ba a keɓe ba. Aka kafa kwamiti a Ikko bisa al'amuran mishan ɗin da bishop ke shugabanta. A 1880 aka aiki mai bincike ya rubuta rahoto a kan ma'aikata, aka karanta a Landan, waɗanda a ke zargi kuwa ba a nuna musu abin da aka rubuta a kansu ba. Cikin wannan shekara matarsa ta rasu, uwarsa ta bi a 1883.

Gaskiya ta wajaba a kanmu a nan. Ba dukan zargin ne ƙarya ba. Akwai ma'aikatan da suka shiga ciniki suka bar garke, akwai mashaya, akwai waɗanda suka fāɗi cikin zina. A Anaca, cikin 1877, waɗansu da ke zaune ƙarƙashin inuwar mishan suka yi wa wata yarinya dūka har ta mutu, maganar kuwa ta kai majalisar Ingila. Bishop mutum ne mai taushin zuciya, ya fi son ya yi wa mai laifi gargaɗi ya sake masa wuri da ya kore shi, ba ya kuma karɓar ƙara sai da shaidu. Wannan hali yana da kyau, amma wani lokaci ya yi yawa, har ya tuna mana da Eli da 'ya'yansa. Wanda ya iya bin na gaba ba lalle ne ya iya tsawata wa na baya ba. Sai dai laifin ba nasa ne shi kaɗai ba, gama waɗanda suka ba shi gona mai faɗi haka ba su ba shi fartanya ba.

A 1890 waɗansu samari suka iso daga Ingila, a gabansu akwai Graham Wilmot Brooke, mai shekara 25, da J. A. Robinson, masani daga Cambridge. Nufinsu su kai bishara ƙasar Hausa. Suka sauka Lakwaja, suka sa riga da rawani, suka ci abincin ƙasa, suka ce ba su son kāriyar Gwamnatin Ingila. Masu ƙwazo ne, masu son tsarki, ba su tsoron mutuwa. Amma ba su da haƙuri, ba su kuma san wahalar da aka sha kafin su zo ba. Suka dubi ikilisiyoyin da aka yi shekara 30 ana ginawa, suka ce yawancin masu bin na baki ne kawai, suka hana mutane da yawa Jibin Ubangiji. Landan ta riga ta raba mishan biyu, ta ba su rabin arewa.

Cikin Agusta 1890 kwamiti ya zauna a Anaca, bishop yana kan kujera, tsoho mai shekara wajen 80. Sakatare, F. N. Eden, da abokansa suka kawo ƙarar limaman Afirka ɗaya bayan ɗaya, suna dakatar da su. Bishop ya nuna musu cewa bisa ga ka'idar ikilisiya, wanda aka ɗora wa hannu ba mai raba shi da aikinsa sai bishop, bayan an ji shaida. Ba su saurara ba. Da Dandeson, wanda shi ne babban mataimakinsa a yankin bakin teku, ya yi magana, nan take sakatare ya dakatar da shi a gaban ubansa. Sai tsohon ya sauka daga shugabancin kwamitin. Kafin ƙura ta kwanta, mafi yawan ma'aikatan da ya tara an sallame su, ko sun bari da kansu. Landan ba ta yarda da dukan abin da samarin suka yi ba, amma ba ta mayar wa bishop ikonsa ba.

To, 'yan'uwa, nan ne wurin da ya kamata kowace ƙungiya ta tsaya ta tattauna, da 1 Bitrus sura 2 da Galatiyawa sura 2 a buɗe gabanta. Bitrus ya gargaɗi barori su yi biyayya har ga iyayengiji masu wuyar hali, Bulus kuwa ya tsaya wa Bitrus ɗin nan fuska da fuska a Antakiya sa'ad da ya karkace. Crowther ya riƙe duka biyu. Bai yi shiru ba: ya faɗi gaskiya cikin taro, ya rubuta wa Landan filla-filla, ya ƙi zama a kujerar da za a yi rashin adalci da sunansa. Mutumin da ya yi dukan ransa yana yaƙi da cinikin bayi ba zai ɗauka biyayya ita ce miƙa wuya ga kowane zalunci ba. Amma akwai abin da ya ƙi yi. A lokacin Ikko tana tafasa. Edward Blyden ya zo a ƙarshen 1890 yana kira a kafa ikilisiyar baƙar fata, cikin Agusta 1891 kuwa waɗansu suka fita suka kafa tasu. Da bishop ya ɗaga yatsa, da dubbai sun bi shi, da kuwa ba mai ganin laifinsa. Bai ɗaga ba. Abin da ya yarda da shi shi ne ikilisiyoyin bakin teku, su Bonny, su ɗauki nauyin kansu, su biya limamansu da kuɗinsu, amma su zauna cikin zumuntar ikilisiyar da ta yi masa baftisma.

Har yau masana ba su daidaita a kansa ba. Waɗansu suna cewa ladabinsa ya yi yawa, da ya buga ƙafa tun 1880 da ba a kai ga wulakancin Anaca ba, da kuma an tsare mutuncin ma'aikatan kirki da aka kora tare da miyagu. Wannan magana tana da nauyi, ba mu iya ture ta. Mu dai abin da mu ke gani shi ne, tun yana yaro ya san banbancin ubangijin da ya saye shi da Ubangijin da ya fanshe shi. Kwamiti, da sakatare, da Venn kansa, duk a wurinsa wakilai ne, aikin kuwa na Mai gona ne. Shi ya sa yabon Venn bai kumbura shi ba, rainin samari kuma bai fisshe shi daga gonar ba. Amma kada wani shugaba ya ɗauki labarin nan ya mai da shi sanda, ya ce wa na ƙarƙashinsa su yi haƙuri kamar Crowther. Wanda ke kan kujera, Venn da Eden ne aka ajiye masa ya duba, ya ga da wane ya yi kama.

Cikin Yuli 1891 ciwon shanyewar jiki ya kama shi. Ya ɗan sami sauƙi, har yana shirin tafiya Bonny domin buɗe sabon tsarin, amma ran 31 ga Disamba 1891 ya rasu a Ikko. Aka binne shi a makabartar Ajele, daga baya aka mai da ƙasusuwansa harabar babban majami'ar Almasihu da ke bakin ruwa. Dandeson ya buɗe tsarin ikilisiyoyin bakin teku cikin Afril 1892, bai kuwa fita daga zumunta ba. Bature aka naɗa a gurbin bishop, 'yan ƙasa suka zama mataimaka kawai, sai a 1952, bayan shekara 60, aka sake ba ɗan Nijeriya riƙon dayosis cikin ikilisiyar nan.

Samarin ma ba su daɗe ba. Robinson ya mutu a Lakwaja cikin Yuni 1891, tun bishop yana da rai, Brooke ya bi shi cikin Maris 1892, ba wanda ya taka Kano a cikinsu. Domin tunawa da Robinson aka kafa wata ƙungiya a Ingila ta nazarin Hausa, ɗan'uwansa C. H. Robinson ya zo Kano a 1894, ya kuma buga ƙamus. Bayansa Likita Walter Miller ya zo tare da Bishop Tugwell a 1900, ya zauna Zariya daga 1905, shi da abokan aiki na mishan dabam dabam suka yi ta fama har Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa a 1932. Ashe mu masu karatu da Hausa muna da bashi a wuyanmu ta gefe biyu: na tsohon da ya buɗe hanyar kogi, da na samarin da suka sa shi baƙin ciki.

A ƙarshen Yuni 2014, shekara 150 bayan naɗinsa, aka yi sujada ta godiya a majami'ar Kantabari, inda aka ɗora masa hannu. Babban Bishop Justin Welby ya tsaya gaban jama'a, cikinsu har da zuriyar Crowther, ya amsa cewa ikilisiyar Ingila ta zalunci bawan Allah nan, ya nemi gafara.